A dakata da kaciyar nan sai an auna jininsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki ɗan shekara huɗu gwiwarsa kan kumbura ba tare da ya faɗi ba, ranar da ya ciji harshe jinin ya kwana biyu yana tsattsafowa, an auna sikila an ce AA ne, ga shi babansa na shirin haɗa shi da 'yan kaciya da hunturun nan. Don girman Allah ki roƙi maigida a dakata. Kada wanzami ya taɓa yaron nan da aska, ko kaciya ko tsaga ko ƙaho, sai an auna yadda jininsa ke daskarewa.

Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, kuma abin da kika lissafa na gan shi a ɗakina. Ɗana na biyu tun yana rarrafe nake ganin ƙululu a gwiwoyinsa da goshinsa, wurin ya yi baƙi, in ka taɓa da tauri. Da ya fara tafiya sai gwiwar dama ta riƙa cika kamar an hura, ta yi zafi, ya ƙi miƙe ta, ya kwana yana kuka. Mun kai shi wajen maɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya murza. Washegari kumburin ya ninka. Mun gasa da ruwan zafi, mun yi turare, wata tsohuwa ta ce a yi sakiya ruwan ya fita, Allah ya taimake mu babansa ya ƙi. A kemis kuma kullum diclofenac ake ba mu, ashe shi ma ƙara wa wutar itace yake.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi min tambayar da ba wanda ya taɓa yi min: a danginki na wajen uwa, akwai namijin da jini ya taɓa ƙin tsaya masa? Nan take jikina ya yi sanyi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kwana uku da kaciyarsa ya rasu. Ina tuna Inna tana canja tsumma bayan tsumma, ana zuba toka ana ɗaurewa, jinin ba ya zuba da ƙarfi, ɗiga kawai yake, amma bai tsaya ba. Duk garin aka ce mayu ne suka kama shi.

Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta rubuta mana takarda zuwa sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Can aka ce sunan ciwon himofiliya. Likita ya yi mana bayani cewa a cikin jini akwai sinadarai da ke haɗuwa su toshe rauni, to a jinin ɗana sinadari na takwas ne ya yi ƙaranci, wanda suke kira fakta 8. Wasu kuma fakta 9 ne ba su da shi, amma na takwas ya fi yawa, kusan namiji 1 cikin 5,000 ake haifa da shi. Kumburin gwiwar nan da muke gasawa jini ne ke zuba a cikin gaɓar, kuma in ya yi ta maimaituwa gaɓar kan lalace yaro ya gurgunce.

Ki lura da wannan, don nan mutane ke ɓata kuɗi. Gwajin sikila ba ya nuna shi, gwajin yawan jini na yau da kullum ma yakan fito lafiya lau. Ki ce a yi masa PT da APTT, gwaje-gwaje biyu ne da ke auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. A himofiliya PT kan fito daidai, APTT ya yi tsawo, daga nan sai a auna faktan kansa a ga nawa ne ya rage. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 shi ne mai tsanani. A haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini, domin akwai wasu cututtukan da ke kawo irin wannan zubar jinin, gwajin ne zai raba gardama. In kin duba danginku ba ki samu kowa ba, kada hakan ya sa ki saki jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a kansu ya fara.

Maganar gado kuwa, ta wajen uwa yake biyowa, maza yake kamawa galibi. Kowane ɗa namiji da zan haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Na sha gori a kan haka wajen dangin miji, na yi kuka har na gaji. Ba laifinki ba ne, ba ki zaɓa ba. Gara ki je da maigida ya ji daga bakin likita da kunnensa.

Ba a warkewa, amma ana rayuwa da shi. Maganinsa allurar faktan ce ta jijiya, tana da tsada ƙwarai, sai dai akwai wadda ake kawowa gudummawa daga waje ta hannun gidauniyar masu himofiliya ta Najeriya, shi ya sa yin rajista a asibitin ke da muhimmanci. Kafin ku je, in gaɓa ta kumbura ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafar, ki naɗe ƙanƙara a zane ki ɗora, in babu ko tsumma mai ruwan randa. Farasitamol kaɗai za ki ba shi, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, kuma kada a yi masa allura a ɗuwawu. In ya bugu a kai, ko bai yi jini a waje ba, ku kama hanyar asibiti a daren.

Nawa yanzu shekararsa goma sha ɗaya, yana zuwa makarantar boko da ta allo, ƙafar dama dai yana ɗan ɗingisa ta saboda shekarun da muka ɓata. Kaciyarsa a asibiti aka yi, an ba shi fakta kafin a fara da kwanakin da suka biyo baya, muka dawo gida lafiya. Ki kira mahaifiyarki yau ki tambaye ta labarin 'yan'uwanta maza da naki, ki riƙe amsar ki kai wa likita. Allah ya ba yaron lafiya.