Hankaka da kukan gidansu

Tambaya: Malam, na ji an ce masu bincike sun gano hankaka yana ƙirga kukansa. Wannan bai rushe karin maganar "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi" ba? (Wata ɗaliba, Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: 'Yata, ƙarfi ma ya ƙara mata. A Jami'ar Tubingen ta Jamus aka yi aikin, ya fito a 2024. Diana Liao da Andreas Nieder da abokan aikinsu suka horar da hankaki 3. Sai a nuna wa tsuntsu lamba a allon kwamfuta, ko a kunna masa wani sauti, ya yi kuka sau 1 zuwa 4 gwargwadon abin da aka nema, sannan ya caki allon da baki, alamar ya gama. Abin da ya fi burge ni, daga kukan farko ana iya hasashen sau nawa zai yi, kuma in adadin da yawa yakan ɗan jinkirta kafin ya buɗe baki. Ashe shiryawa yake. Nasu hankakan baƙi ne wuluk, ba irin namu mai farin ƙirji da ke shawagi a mayanka ba.

Ki lura, magabata "gidansu" suka ce, ba "jininsu" ba. Hankaka yana cikin dangin tsuntsayen da ke koyon murya ta sauraro, wasunsu har maganar mutum suke kwaikwaya. Abin da yaro ya ji a gida shi yake fitarwa a waje. Amma yau sai mutum ya ɗura ashar, a ce masa haba, ya kawo wannan karin magana wai yana kare kansa, alhali iyayensa ya tona wa asiri. Masu gidajen rediyo kuma, don Allah a daina "tsuntsu yana waƙa". Tsuntsu kuka yake yi, zakara ya yi cara.

Tambaya: Mene ne jam'in hankaka?

Amsa: Hankaki.

Tambaya: Daga ina aka samo "hankaka mai da ɗan wani naka"? (Wani malamin firamare, Daura)

Amsa: Malam, akwai wani tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya faki ido ya saka ƙwansa a ta hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya yi reno. A ganina wani manomi ne ya leƙa sheƙar, ya tarar da ɗan da bai yi kama da masu gida ba, ya ɗora wa hankaka laifin sata.