Gudu a zafin Jidda: agogo za ka bi ko jikinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana gudu a bakin teku a Jidda, saurinka bai canja ba amma agogo na nuna bugun zuciya ya haura, shi ne kake tambayar wanne za ka bi. Haɗa su za ka yi, sai dai a watannin zafi jikinka ne gaba.

Idan zafi ya gamu da danshin Bahar Maliya, gumi ba ya saurin bushewa. Sai jiki ya tura jini zuwa fata don ya huce, zuciya ta ƙara bugu a kan gudun da ka saba. Agogon bai yi ƙarya ba, aikin ne ya ƙara nauyi. Mai nacewa sai ya yi gudun Janairu a Agusta, wallahi kansa yake cuta.

Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara ma'aunin jin wahala daga 6 zuwa 20, amma na 0 (hutu) zuwa 10 (iyakar wahala) ya fi sauƙi. Bayan ka gama ka huta, ka ba gudun maki gwargwadon wahalar da ka ji, ka ninka da mintunan: minti 40 a maki 6 ya zama 240. Rubuta kullum, ka tara na mako, kada ya yi tsalle kwatsam.

Yawancin gudunka ya zama wanda kake iya hira a cikinsa ba haki. Ranar da sassauƙan gudu ya zame maka 7, bugun zuciyarka na asuba kuma ya fi na kullum, to ka huta. In jiri ya ɗebe ka ko ka fara rikicewa, tsaya nan take, ka nemi inuwa da ruwa.