Sana'ar Shuke-shuken Ado ga Masu Zama a Gidajen Bene

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan kicin a gida a Kaduna, na tara naira 200,000. Na lura mazauna gidajen bene suna son ajiye shuka a tukunya a falo. In kama shago in riƙa saro furanni daga Jos ina sayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shagon nan ki bar shi tukuna, kuɗin haya kaɗai zai cinye jarin. Barandar gidanki da hoton da za ki riƙa sawa a WhatsApp sun ishe ki shekarar farko.

Batun Jos ma sai an yi hattara. Garin a kan tudu yake, yana da sanyi, furen da ya yi kyau a can yakan yi yaushi idan zafin Maris da Afrilu ya same shi a ɗakin da ba iska. Mai saye kuwa ba zai ce yanayi ne ba, cewa zai yi kin sayar masa da mushe.

Ki fara da masu taurin rai. Ta farko moda, mai ganye tsaye kamar takobi: tana jure ƙarancin haske, tana kuma iya yin mako biyu ko uku ba ruwa. Sai alobera, wadda mata suka riga suka sani saboda gyaran fata da gashi, ba sai kin sha bakin talla ba. Ita dai tana son kusa da taga. Akwai kuma mai yaɗon nan da ake kira money plant, wadda ke rayuwa ko a kwalbar ruwa.

Ribar tana wajen haihuwarsu, shi ya sa na zaɓo miki su. Moda da alobera suna fitar da 'ya'ya a gindi, sai ki raba ki dasa kowanne a tukunyarsa. Mai yaɗo kuwa ki yanka reshe a ƙasan gaɓa ki tsoma a ruwa, cikin makonni kaɗan ya yi saiwa. Wato uwa ki saya sau ɗaya, daga nan abin da za ki riƙa kashewa tukunya ce da ƙasa. Don haka kada kuɗin shuka ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jarin, kuma iyayen nan ba na sayarwa ba ne, ko an taya da tsada. Sauran ki sa a tukwane, ki ɓoye wani abu don asara, domin wasu za su mutu a hannunki kafin ki gane kansu.

Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba, tana shan danshi, saiwa ba ta ruɓewa. Amma ki sa a huda gindinta, ki haɗa da faranti saboda tayil ɗin mutane. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi da tsohon taki; ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, ga wari a falo.

Abin da ya fi kashe shukar ɗaki yawan ban-ruwa ne. Mutanenmu da tausayi, kullum sai an zuba. Ki faɗa wa kowane mai saye ya tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ya bari. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. A gidan da ke da ƙananan yara, a ɗaga mai yaɗo sama, tauna ganyenta na ƙona baki.

Wajen sa farashi kada ki manta da kuɗin kai kaya, don tukunyar ƙasa ba ta son gargadar hanya a bayan babur. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ta bar gida. In ciniki ya fara tafiya, ki leƙa ofisoshi da shagunan gyaran gashi ki ce za ki riƙa zuwa duba musu shuka duk mako biyu, su biya ki a wata.