Kwalba nawa ta turare ko giya za ta shiga akwatin matafiyi?

Tambaya: Ina so in fara sarar turaren fesawa daga waje in riƙa tahowa da shi a akwatina, kamar kwalba 60 masu mililita 100. An ce mini kowane fasinja yana da damar ɗaukar lita 5 na duk abin da ke da sinadarin barasa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka ya haɗa dokoki biyu ne wuri guda. Lita 5 ɗin nan ta giyar sha ce, ba ta shafi turare ba.

A ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ƙarfin barasar ake dubawa, saboda gudun gobara. Abin shan da bai wuce kashi 24 cikin 100 ba, ba a lissafa shi cikin kaya masu haɗari. Daga nan zuwa kashi 70, lita 5 ce iyakar mutum ɗaya, kuma sai a kwalbarta ta kamfani. Abin da ya haura 70 ba ya shiga kayan fasinja ko kaɗan.

Turare layinsa daban, yana cikin kayan kwalliya. Jimillar da aka yarda maka ita ce lita 2, kuma kada kwalba ɗaya ta wuce rabin lita. Kwalba 20 ke nan cikin 60 ɗinka, idan ma ba ka ɗauki maganin hammata na fesawa ba, domin shi ma a cikin lita biyun yake cin rabonsa. Sauran 40 ɗin, in na'ura ta hango su, za a kira ka a buɗe akwatin. Jakar hannu kuwa, a yawancin filayen jirgi kwalba ba ta wuce mililita 100, kuma duka sai sun shige leda ɗaya mai lita 1.

Amma inda 'yan kasuwa suka fi ƙonewa shi ne wajen kwastam. Kamfanin jirgi ya bar ka ka ɗauko, ba shi ne ƙasar da ka sauka ta yafe maka kuɗin fito ba. Rangwamen da ake yi wa matafiyi na abin da zai yi amfani da shi ne ko tsaraba. A Tarayyar Turai, wanda ya zo ta jirgin sama daga waje ana yafe masa kayan Yuro 430, giya mai ƙarfi kuma lita 1. Amurka ma lita 1 ce, ga wanda ya kai shekara 21. Kuwait da Saudiyya ba su yarda matafiyi ya shigo da giyar sha ba sam. Jami'in da ya buɗe akwati ya tarar da kwalba 20 iri ɗaya, kowacce a kwalinta, ba ya buƙatar a gaya masa cewa haja ce. In ka bi layin waɗanda ba su da abin bayyanawa, garin neman ƙiba sai a samo rama: ga tara, ga ƙwace kaya.

Shawarata, ka raba abin biyu. Samfuri ka riƙe a akwati, kowacce a naɗe da tufafi cikin leda mai rufewa, a tsakiya, nesa da gefe. Hajar kuma ka ba wakilin dakon kaya da ke da izinin ɗaukar kaya masu haɗari. A jerin kaya masu haɗari, turare mai barasa lambarsa UN1266, aji na 3, wato ruwa mai kama wuta. Ka karɓi takardar bayanin sinadaran daga dilan, da rasit na gaskiya, tun kafin ka biya. Kuɗin dakon irin wannan kaya ya fi na sauran, saboda haka ka haɗa shi da kuɗin fito, ka raba a kan kwalba 60, ka ga nawa kowacce ta tsaya maka kafin ka yanka farashi.