Haƙar gas ko sola da iska a ƙaramin tsibiri?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin tsibiri ya yarda a haƙi iskar gas, ko ya rungumi wutar rana da iska. Shawarata ita ce ya zaɓi rana da iska. Rijiyar gas ta kamfani ce, ribar kuma waje za ta tafi, in kuma aka samu yoyo, masuntan wurin ne za su kwana ciki.

Sharaɗin shi ne a tanadi batura da janareton ko-ta-kwana, a kuma ƙayyade amfani. Tsibirin Eigg na Sikotilan, mai mutum kusan 100, tun 2008 ruwa da iska da sola ke ba shi wuta, amma kilowat 5 ne iyakar ƙarfin wutar da kowane gida zai ja a lokaci guda. A aikina na haɗa sola, batura kan mutu da wuri inda kowa ke jona dutsen guga da hita lokaci guda.