Ga ɗan'uwan da mai gini ya ce bai san da ƙarin aiki ba

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar. Ka ce ƙanen mai gida ne ya sa ka ƙara katanga da sokawe, yanzu mai gidan ya ce bai aike shi ba, ba zai biya ba. Wallahi irin ta ce ta same ni a wani gini a Hanwa, Zariya.

Alhajin mai gidan a Abuja yake zaune. Ranar da muka fara haƙa fandisho ya dafa kafaɗar ɗan yayarsa ya ce, "Abin da yaron nan ya faɗa, ni na faɗa." Wata bakwai yaron ke kawo kuɗin siminti da rodi, shi ke sallamar leburori. Da ya ce a ƙara ɗaki biyu a baya, na ci bashin bulo a Kwangila na gina. Alhaji ya zo, ya zagaya ɗakunan, har ya shafa filasta, sannan a gaban yarana ya ce, "Wa ya sa ka?" Yaron yana tsaye, kai a sunkuye, ko tari bai yi ba. Saura kwana uku Sallah, birkiloli na jira na a bakin ƙofa. Har yau idan na bi ta layin nan zuciyata tafasa take yi.

Lauya ne ya buɗe min ido. Ya ce a dokar da muka gada daga Ingila, wanda ya nuna wa mutane cewa wane wakilinsa ne, aka yi aiki a kan haka, ba shi da damar zillewa. Har ya ambaci wata shari'ar 1964 da aka tilasta wa kamfani biyan masu zanen gini. Amma fa nunin daga mai gida zai fito, faɗar ƙanen kaɗai ba ta wadatar ba.

Don haka kar ka goge komai. Alat ɗin da ya biyo ta hannun ƙanen, saƙon murya na WhatsApp, rasit, duk ka adana. Mai gidan ya taɓa biyan wani aikin da ƙanen ya sa? Wannan babbar hujja ce. Ya ga katangar tana tashi ya yi shiru? Nemo wanda ya gan shi.

Kuma don Allah kar ka rushe ta cikin fushi, kai za a kama. Fara da mai unguwa. Ni a zauren mai unguwa aka biya ni, kashi-kashi har sau uku, bayan mai gadin ginin ya tsaya ya maimaita maganar dafa kafaɗar nan.