Harsashi ya dagargaza ƙashin ƙanena, mu kai shi wajen maɗori?

Tambaya: Likita, 'yan bindiga sun harbi ƙanena a ƙwauri, ƙashin ya dagargaje. An yi masa tiyata, an sa masa ƙarafa ta waje, amma yau kwana 9 ba a ɗinke ciwon ba. Kawunmu ya ce mu kai shi wajen wani maɗori mai haɗa ƙashi cikin sati 3. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Da gangan aka bar ciwon a buɗe. Harsashin bindiga irin AK-47 yana kashe nama har nesa da ramin da ido ke gani, ya kuma tura ƙyallen wando da ƙasa ciki. Shi ya sa ake yanke mataccen naman, a wanke, a sake dubawa bayan kwana 2 ko 3. Sai naman ya yi ja, ba mugunya, sannan a rufe. In an bar giɓi a ƙashin, daga baya a ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike, ko a sa zoben Ilizarov, wato zobban ƙarfe da ake kewaye ƙafar da su ta waje, a riƙa jan ƙashin milimita 1 kullum har sabon ƙashi ya cike giɓin.

Maganar maɗori kuwa, don Allah ku bar ta. Maɗori ƙashin da ya karye gida biyu ya saba haɗawa, fata a rufe. Nan guntaye ne barkatai, wasu babu jini a jikinsu, ga rami har ɓargo. Me zai ɗora? Zai zare ƙarafan, ya ja ƙafar, ya shafa man shanu da garin magani a kan ciwon, ya jera kara ya ɗaure tamau. Ƙafar da ke kumbura in aka matse ta, jini ya daina wucewa, cikin awa 6 nama ya fara mutuwa. Yaro yana ihu, a ce ɗorin ne ke kamawa. Da ya yi shiru a ce sauƙi ya samu, alhali jijiyoyin ne suka mutu. Sai yatsu sun yi baƙi, wari ya hana kowa shiga ɗakin, sannan a kwaso shi da daddare a dawo mana. A lokacin ba abin da ya rage sai yankewa, kuma gobe a ce likitoci masu son yanke ƙafa ne.

Ƙwaurin da harsashi ya farfasa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara. Ku riƙa tsabtace gindin ƙarafan yadda aka nuna muku, kada ya sha taba, kada ya taka sai an ce ya taka. Zazzaɓi, mugunya ko ƙarfe ya fara girgiɗi, ku sanar a ranar. In kuna son wani likitan ya gani, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ku tafi da hotunan ƙashin.